Gina Gidan Iyali a Yamai: Yadda Ake Ƙiyasta Kuɗi da Yadda Ake Tsare Aiki

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin da ke bakin Yamai, ko ta wajen filin jirgi ko ta hanyar Wallam, zai ga kangaye da yawa a tsaye: bango ya kai tsayin taga ko ya kai rufi, ƙarafa sun leƙo sama sun yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a tsakiyar abin da aka yi niyyar ya zama falo. Mafi yawan masu waɗannan kangaye ba talauci ne ya tsayar da su ba, domin sun fara aiki da kuɗi a hannu. Abin da ya tsayar da su shi ne sun tambayi magini nawa gida zai ci, ya faɗi wani adadi da baki, suka ɗauki wannan adadi tamkar alkawari, alhali shi kansa maginin bai ƙirga komai ba. Na gina gidan da nake ciki, na kuma tsaya a kan ginin wani ƙanena da ke neman kuɗi a ƙasar waje, kuma abin da na koya daga ayyukan biyu shi ne cewa kuɗin gida ba a jin sa daga bakin kowa, lissafa shi ake yi, kaya bayan kaya, sannan a raba aikin mataki-mataki ta yadda duk inda kuɗi suka tsaya, abin da aka gina ba zai lalace ba.

Fili da takardunsa

Kafin a yi maganar siminti, sai a tabbatar cewa filin na mai shi ne. A Yamai an sha sayar da fili guda ga mutum biyu ko uku, kuma wanda ya riga ya zuba harsashi shi ne ya fi kowa asara idan rigima ta tashi. Takardar da aka fi yawan gani a hannun masu filaye ita ce wadda ake kira akt da sesiyon, mai ɗauke da sunan rukunin filayen da lambar ilo, wato jerin filayen da tituna suka kewaye, da lambar parsel, wato shi filin kansa, amma takardar da ta fi kowace ƙarfi a gaban shari'a ita ce titir fonsiye, wato takardar cikakkiyar mallaka da ke cikin rajistar filaye ta gwamnati. Shaidar mai unguwa ko ta magada cewa gona ce ta gado tana da matsayinta, sai dai ba ta isa a dogara da ita a zuba miliyoyi ba. Mai saye ya ɗauki kofin takardar ya je ma'aikatar magajin gari da ofishin kula da filaye da ƙafarsa, ya nemi a duba masa ko sunan da ke takarda shi ne sunan da ke cikin rajista, ya yi cinikin a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, sannan ya biya mai awon fili ya zo ya nuna masa duwatsun iyaka guda huɗu. Dillali yana iya nuna maka fili da yatsa ya yi kuskuren layi guda, ka gina katanga a filin maƙwabci. Kuɗin notar da na mai awo da na izinin gini, wanda ake nema a ma'aikatar magajin gari da zanen gida da takardar mallaka, duk su shiga lissafi tun farko, domin suna cikin kuɗin gida kamar yadda bulo yake ciki.

Bayan takarda sai ruwa. Filin da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta, shi ya sa nake ba kowa shawarar ya je ya ga fili washegarin ruwan sama mai ƙarfi, ko kuma ya tambayi tsofaffin mazauna wurin inda ruwa ke bi. Mutanen Yamai ba su manta da shekarar 2020 ba, lokacin da kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy da Saga, haka kuma daminar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a faɗin ƙasa. Fili mai araha a cikin kwari ko a bakin ƙorama yana karɓar rarar kuɗin da aka samu wajen sayensa ta hanyar ciko da dogon harsashi, wani lokaci har ya ƙara.

Zane, da lissafin da ke fitowa daga cikinsa

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma a wannan harka maganar ta dace da ma'anarta ta zahiri. Zanen gida da mai ilimin gini ya yi, wanda ya nuna tsawon kowane bango da wurin kowane ginshiƙi da girman ƙarfen da za a sa, shi ne kaɗai hanyar sanin yawan kaya. Wanda ya bar magini ya shata ɗakuna da ƙafa a kan ƙasa ya yi tsimin kuɗin zane, amma ya rasa abin da zai riƙe ya ƙirga da shi. A lokacin zane ne kuma ya kamata a zauna da uwargida, domin ita ta san inda madafa ya kamata ta kasance, da inda hayaƙi zai bi, da yadda baƙi maza za su shiga falo ba tare da sun ratsa tsakar gida ba. Canza wurin ƙofa a kan takarda ba ya cin ko dala, amma canza shi bayan an ɗora bulo yana cin bulo da siminti da ladan kwana biyu.

Bari in kawo misali da adadi, domin mai karatu ya ga yadda lissafin ke tafiya. A ɗauki gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 9, wato murabba'in mita 90, mai ɗaki uku da falo da makewayi. Bangon waje zai kai mita 38, na ciki kuma a ce mita 25, jimla mita 63. Idan tsayin bango mita 3 ne, an sami murabba'in mita 189, a cire kimanin 24 na ƙofofi da tagogi, saura 165. Bulon da ake bugawa a nan fuskarsa santimita 40 ce da 20, saboda haka kowane murabba'in mita yana cin bulo 12 da rabi, wato ana bukatar kusan bulo 2,060, kuma idan aka ƙara kashi 5 cikin 100 na wanda zai fashe a hanya ko a hannun lebura, sai a ce 2,170. Idan ana fitar da bulo 30 daga buhu guda, bugun bulon zai ci buhu 72. Yaɓen ciki da waje, wanda ya kai murabba'in mita 330 a kaurin santimita 2, zai ci kusan buhu 40. Idan rufin kankare ne zalla mai kaurin santimita 12, za a zuba kankare mita mai cika (wato mita guda a tsawo da faɗi da tsayi) 10.8, kuma da yake kankaren da ke ɗaukar nauyi yana bukatar kilo 350 na siminti a kowace mita mai cika, wato buhu 7 masu kilo 50, rufin zai ci buhu 76. Waɗannan uku kaɗai sun kai buhu 188, fiye da tan 9 tunda buhu 20 ne tan guda, kuma ba a taɓa harsashi da ginshiƙai da simintin ɗora bulo da daɓen ƙasa ba.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa a wannan lissafi, wato katanga. Fili mai murabba'in mita 300, mai mita 15 da 20, kewayensa mita 70 ne. A cire mita 4 na ƙofar gida, a ɗaga katangar mita 2, sai ga bulo 1,650, kimanin kashi uku cikin huɗu na bulon gidan gaba ɗaya, ban da nata harsashin da ginshiƙanta da ƙofar ƙarfe. Na ga mutane da yawa sun yi mamakin yadda katanga ta cinye kuɗin da suka ware wa ɗakuna biyu. Idan maƙwabci ya riga ya gina nasa ɓangaren, ko kuma yana shirin ginawa, a zauna da shi a daidaita kan bangon tsakani, a rubuta abin da aka amince a kai a gaban shaidu.

Idan an gama fitar da yawan kaya, sai a nemo farashin ranar, ba farashin bara ba. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliyar wannan shekarar, gwamnati ta rage farashin siminti mai lambar ƙarfi 32.5, ta ƙayyade tan guda a kan sefa 55,000 a Yamai, a Tawa kuma ƙasa da haka saboda kusancinta da masana'antar Malbaza. Da wannan farashi, buhu 188 ɗin da muka ƙirga zai tashi a kan sefa 517,000, wanda ke nuna cewa siminti, duk da shi ne aka fi yin magana a kansa, ba shi ne ke cin mafi yawan kuɗin gida ba. Ƙarfe da kwano da katako da karo, wato tayil ɗin daɓe, da wayar lantarki da bututu su ne ke hawa da sauka, musamman tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya masu yawa suka koma biyowa daga tashar Lome ta cikin Burkina Faso. Mai gini ya ɗauki takardar kayansa ya shiga kasuwar Katako ya tambayi shago uku ko huɗu, ya tambayi kuɗin mota har bakin fili, domin yashi da tsakuwa da jar ƙasa farashinsu ya dogara ne da nisan unguwa. A kan jimlar da ta fito, a ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a ajiye gefe, kuma kada a ɗauki wannan ajiya a matsayin rara da za a sayi fenti mai tsada da ita. Harsashi yakan nemi zurfin da ba a zata ba, farashi yakan motsa, kuma lalurar iyali ba ta jiran a gama gini.

Wani abu da ya kamata a faɗa a fili shi ne cewa ranar da aka rufa gida ba a kai ƙarshe ba, sau da yawa ma rabi aka kai. Ƙofofi, tagogi, wuta, ruwa, masai da ramin zubar ruwa, karo, rufin ciki, fenti, da kuɗin jawo mita daga kamfanin wutar lantarki NIGELEC da kuma kamfanin ruwa NDE, idan aka haɗa su suna iya kamo kuɗin gangar ginin, ko su wuce shi idan mai gida yana son ƙawa. Wanda ya san haka tun farko zai rage girman gida a kan takarda. Ɗaki biyu da falo da aka kammala aka shiga, aka daina biyan haya, aka mayar da kuɗin hayar cikin ginin ɗaki na uku, ya fi ɗaki biyar da suka shekara shida ba rufi.

Inda ba a yin rowa

A nan ne nake so in daɗe, domin nan ne gida ke tsayawa ko ya tsage. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk abin da za a binne, ko a cikin ƙasa ko a cikin kankare ko a cikin bango, a yi shi da kyau tun karon farko, abin da ido ke gani kuwa yana iya jira. Karo da fenti da fitila mai ado ana iya sa su bayan shekara uku ba tare da an fasa komai ba, amma harsashi da ƙarfe da bututu ba a gyara su sai da guduma.

Zurfin harsashi ƙasa ce ke faɗarsa, ba al'ada ba. Ana haƙa har a wuce ƙasar sama mai laushi da duk wani ciko a kai ƙasa mai tauri, kuma idan wurin laka ne, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani, ko kuwa tsohon juji ne ko tsohon ramin ɗibar ƙasa, to a kira injiniya ya gani kafin a zuba komai. Wanda ke da niyyar ɗora bene wata rana ya faɗa tun yanzu, domin harsashin gidan ƙasa da ginshiƙansa ba su ɗaukar hawa na biyu don kawai mai gida ya samu kuɗi daga baya. A yi amfani da bulo marar rami a ƙasan bango, a ɗaura ɗamarar kankare, wadda magina ke kira shenaj, a ƙasa da kuma a sama, sannan a ɗaga daɓen ɗaki sama da titi da aƙalla taki biyu ko uku. Ni kaina na yi kuskure a nan, na bar daɓena kusan daidai da hanya domin in rage motocin ciko, bayan ƴan shekaru maƙwabta suka yi ta zuba ƙasa a ƙofofinsu har titin ya hau, ruwa ya fara shigo mini tsakar gida, na dawo na kashe abin da ya ninka kuɗin cikon wajen ɗaga ƙofa da haƙa magudana.

Ƙarfe yana da lamba, 6 da 8 da 10 da 12 da 14, lambar kuwa kaurinsa ce a milimita, kuma sanda guda mita 12 ce. A kasuwa akwai ƙarfen da ake kira lamba 10 alhali bai cika ba, kuma ido ba ya saurin ganewa. Sikeli yana ganewa: cikakkiyar sanda ta lamba 8 tana da nauyin kilo 4.7, ta lamba 10 kilo 7.4, ta lamba 12 kuma kilo 10.7. Wanda zai sayi ƙarfe mai yawa ya auna sanda ɗaya ko biyu, idan nauyin ya gaza sosai ya san abin da ake sayar masa. Bayan an ɗaure ƙarfen ginshiƙi ko na rufi, kada a yarda a zuba kankare sai mai gida ko wakilinsa ya zo ya ƙirga sanduna da tazarar zobba ya gwada da zane, ya kuma tabbatar an sa ƴan duwatsun siminti da ke ɗaga ƙarfe daga katako, ta yadda kankare zai lulluɓe shi da kaurin santimita 2 da rabi zuwa 3. Ƙarfen da ya taɓa iska yana tsatsa, tsatsa tana kumbura, ita ce ke ɓare kankare a ga rufi yana zubar da ɓawo bayan shekara goma.

Kwaɓin kankare shi ma yana da ma'auni: buhu guda na siminti, baro guda na yashi, baro biyu na tsakuwa, idan baron mai cin lita 60 ne, da ruwa kimanin lita 25. Leburori suna son ƙara ruwa domin kwaɓi mai ruwa ya fi sauƙin juyawa da zubawa, amma kowane bokitin da aka ƙara yana rage ƙarfin kankaren. Yashi kuma ya zama mai tsabta, wanda idan aka damƙe shi a hannu ba ya barin laka a tafi. Bayan zubi sai shayarwa, kuma wannan shi ne aikin da ya fi kowane araha, ya kuma fi kowane shan sakaci. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi, kuma yana bukatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. A garin da zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kuma iskar hunturu ke busar da komai cikin sa'o'i, dole a shayar da bulo da ginshiƙi da rufi safe da yamma na aƙalla kwana 7, a rufe su da tsofaffin buhuna masu laima, kuma kada a cire katakon da ke tallafe da rufi kafin mako uku. A sa kuɗin ruwa a cikin ƙiyasi, ko na ƴan garuwa ko na tanki, a kuma ɗora wa mutum guda alhakin shayarwar da sunansa, domin aikin da aka bar wa kowa ba wanda ke yin sa.

Game da bulo, wanda ya saya bugagge ya ɗaga guda zuwa ƙirji ya sake shi a kan ƙasa mai tauri, ya kuma murza gefensa da yatsa ya ga ko yana zuba. Wanda zai buga a filinsa ya tsaya a kan adadin da za a fitar daga buhu, domin idan aka ja buhu guda ya haifi bulo 45 ko 50, yashi aka jera ba bulo ba. Siminti kuma kada a tara shi da yawa da sunan gudun tashin farashi, domin yana shan laima ya daskare. A ɗora shi a kan katako nesa da bango, kada jeri ya wuce buhu goma, a yi amfani da shi cikin wata biyu ko uku. Idan ana so a adana kuɗi a cikin kaya, bulo da tsakuwa sun fi jure jira.

Rufi da zafi

Rufin kwano ya fi araha da sauri, amma yana bukatar rufin ciki da tazara mai iska tsakaninsu, kuma dole a ɗaure shi da ɗamarar sama da ƙarfe, domin guguwar farkon damina da ke tasowa daga gabas ta saba yaye rufin da aka danne da duwatsu kawai. Idan da katako za a yi, a shafe shi da maganin gara. Rufin kankare yana ba da damar hawa sama, sai dai yana riƙe zafin rana ya sake shi cikin dare, kuma idan ba a karkata shi zuwa indararo ba ruwa zai kwanta ya yi yoyo. Tun a zane ake rage zafi: a juya dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, a rage tagogi a yamma, a sa taga biyu masu kallon juna domin iska ta ratsa, a ɗaga bango, a bar wurin rumfa da itace. Ginin ƙasa ma bai kamata a raina shi ba. Gidajen da aka gina da matsattsen tubalin ƙasa a aikin da ake kira Niamey 2000, wanda Mariam Issoufou Kamara ta kasance cikin masu zana shi, sun nuna cewa ƙasa tana yin gidan birni har mai bene, matuƙar an ba ta harsashi mai kyau da kariya daga ruwa.

Magini, yarjejeniya da biya

Akwai hanya biyu ta ba da aiki. Ko a ba ɗan kwangila komai, kaya da aiki, a kan kuɗi guda, ko kuwa mai gida ya sayi kaya da kansa ya biya ladan aiki kawai. Hanya ta farko tana hutar da mai gida amma tana buɗe ƙofar rage siminti da ƙarfe, tunda duk abin da aka rage ribar ɗan kwangila ce. Hanya ta biyu ta fi araha ga wanda ke da lokacin zuwa fili kullum, kuma ita na fi so, da sharaɗin a sami mai gadi amintacce da littafin shige da ficen kaya. Kowace aka zaɓa, a je a ga gidan da maginin ya gina shekara uku ko huɗu da suka wuce, a yi magana da mai gidan ba a gaban maginin ba, domin sabon gini kowa nasa yana da kyau.

Yarjejeniya a rubuta ta, ko da maginin ɗan'uwa ne, musamman ma idan ɗan'uwa ne. A rubuta aikin da za a yi a kowane mataki, da kuɗinsa, da wanda zai kawo ruwa da katakon zubi da abincin leburori, da abin da zai faru idan aka yi aikin da ya saɓa wa zane. A rubuta kuɗi da lambobi a sefa, domin a bakinmu muna ƙirga da dala da jika, kuma ɗari a bakin ɗan kasuwa sefa 500 ce, wannan kaɗai ya isa ya haddasa musu bayan wata shida. Biya ya bi bayan aiki: kafin alƙalami kaɗan na fara aiki, sannan biya idan harsashi ya kammala, biya idan bango ya kai ɗamarar sama, biya idan an rufa, haka har ƙarshe. Magini zai zo ya ce, “Alhaji, a taimaka mini da wani abu daga kuɗin rufi, iyali ba lafiya,” kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Amsar da na ga ta fi zama alheri ita ce, “Malam, ga wannan daga aljihuna don Allah, amma kuɗin rufi sai an rufa.” Ranar da kuɗin da aka biya suka wuce aikin da aka yi, daga ranar mai gida ya koma mai roƙo, maginin kuma ya tafi wani fili inda sabon kuɗi yake. Haka nan shi ma mai gida wajibi ne ya biya a ranar da ya yi alkawari, domin lebura da abin da ya samu yau yake cefane, kuma wanda ake ja wa rai a kan haƙƙinsa ba ya yin aiki da zuciya ɗaya.

Masu gini daga nesa, ƴan'uwanmu da ke Abijan ko Libiya ko Faransa, su ne suka fi shiga haɗari. Shawarata gare su ita ce su raba amana gida biyu: mutum guda ya riƙe kuɗi ya biya, wani dabam mai ilimin gini, wanda ake biyansa ladansa, ya duba aiki ya ba da izinin biya. A aika kuɗin mataki guda kawai a lokaci guda, a nemi rasit na kowane saye, a nemi hoto da bidiyo ta WhatsApp waɗanda ke nuna ginin tare da gidan maƙwabta ko wata alama da aka sani, kuma a yi kiran bidiyo ranar ɗaurin ƙarfe kafin zubi. Wannan tsari yana kare zumunci, domin ɗan'uwan da ke riƙe da rasit ba ya shan zargi. Wanda kuma zai ci bashin banki, ko a Bankin Gidaje na Nijar ko a wani, ko zai dogara da adashi, ya daidaita ranar karɓar kuɗi da matakan aiki, kuma kada ya fara zubin rufi sai kuɗin rufin gaba ɗaya suna hannu, domin rufin kankare a yini guda ake zuba shi ba tare da yankewa ba.

Lokacin fara aiki mafi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Nuwamba, domin a sami watanni bakwai ko takwas a kai ga rufi kafin watan Yuni. Idan kuɗi ba za su kai rufi ba, a tsaya a wurin da gini ke jure jira, wato bayan an ɗaura ɗamarar ƙasa an yi ciko, ko bayan an ɗaura ta sama, a shafe ƙarafan da suka leƙo da ruwan siminti, kada a bar ramin harsashi a buɗe damina ta same shi.

Kafin a yi yaɓe, a ɗauki hoton kowane bango da ke ɗauke da waya ko bututu, a cika bututun ruwa a bar shi kwana guda a ga ko yana ɗiga, domin bayan an sa karo neman wurin yoyo sai da fasa. Masai da ramin zubar ruwa a nisanta su da rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 15, a kuma yi su inda motar kwasa za ta iya kaiwa. Daga kuɗin aikin ƙarshe a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100, bisa yarjejeniyar da aka rubuta tun farko, har damina guda ta wuce a kan rufin, sannan a zaga da maginin ɗaki-ɗaki, a gyara abin da ya tsage ko ya yi yoyo, a miƙa masa cikon kuɗinsa. Zanen gida da izinin gini da rasitai da hotunan bango kuwa a haɗa su da takardar fili a wuri guda, a ajiye kofinsu a wani gidan dabam, domin ranar da za a ƙara ɗaki ko a nemi titir fonsiye ko a raba gado, su za a fara tambaya.